Yadda ake riƙe sana'ar nono ta gado, daga turke zuwa kasuwa

A karkarar Dambatta, Gaya, Wudil, Ringim da Gumel akwai gidajen da babu mai iya tuna lokacin da aka fara sayar da nono a cikinsu. Kaka ta yi, uwa ta yi, yau 'ya da suruka ke yi. Tsarin da aka gada a sarari yake: maigida ke da kiwo, shi ke neman ciyawa da magani, amma abin da ya shiga ƙwarya na matar gida ne. Ita ke sarrafa shi, ita ke sayarwa, da kuɗin take cefane da sayen sabulu da suturar yara.

Wannan bayani na gidan da ke da shanun tatsa biyar zuwa goma ne, ba na mai injin tatsa ba. Inda magana ta shafi garke da maigida nake, inda ta shafi ƙwarya da uwargida nake. Yawancin abin da iyaye suka bar mana daidai yake. Sai dai su sun yi sana'ar ne lokacin da burtali ke da faɗi, daji ke da ciyawa. Wanda ya zauna wuri guda a yau dole ya ƙara wasu abubuwa a kan na gado, in ba haka ba sana'ar a hannunsa za ta mutu.

Saniyar da za a tatsa

Shanunmu na nan galibi Bunaji ne, farare masu baƙin kunne, sai Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, sai Bokoloji da ake kawowa daga wajen Sakkwato. Bunaji ba ta da yawan nono. Bayan rabon maraƙi, abin da ke zuwa ƙwarya bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, da rani ma ya kan gaza haka. Amma nononta yana da maiƙo, tana jure zafi da ƙishirwa, kuma ba kowace cuta ke kayar da ita ba.

In za ka ƙara saniya, kasuwar Wudil tana ci ranar Juma'a, ta Dambatta ranar Lahadi, ta Maigatari ranar Alhamis. Ni dai shawarata, saniyar tatsa a gidan wanda ka sani ake sayenta, inda za ka ga uwarta, ka ji tarihin haihuwarta. In kasuwa ta zama dole, ka duba hantsa da hannunka: kan nono huɗu, babu mai tauri, babu wanda ya mutu. Ka duba haƙora don sanin shekaru. Ka tambayi dillali dalilin sayarwa, amma kada ka dogara da amsarsa. Saniyar da ta taɓa ɓari, ka bar ta ko da araha, domin bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, na bin garke gaba ɗaya, kuma yana kama mutum ta hanyar ɗanyen nono. Sabuwar da ka saya, ka ɗaure ta gefe guda na mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran.

Masu sha'awar barbarar zamani da irin shanun Turai, ana yi, kuma 'ya'yan suna ba da nono mai yawa. Amma ruwa-biyu ba ta yafe yunwa. Gidan da bai iya ƙosar da Bunaji da rani ba, kada ya fara.

Tanadin rani, tun da kaka

Nan ne gidaje da yawa ke faɗuwa. Da damina nono kamar a zubar, farashi ya faɗi ƙasa. Da bazara kuɗinsa ya tashi, amma hantsa ta bushe. Ribar shekara tana hannun wanda ke da nono daga Fabrairu zuwa Mayu, shi kuwa wannan nonon a watan Oktoba da Nuwamba ake shirya shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da an cire gyaɗa da wake, ka ɗaure harawa tun tana da ganyenta, ka ɗora a rumfa ko a reshen bishiya inda gara da raɓa ba za su taɓa ta ba. Harawar da aka bari a ƙasa rana ta dake ta har ganyen ya kakkaɓe, kara kawai ka ajiye. Ka tara karan dawa da karmami, ka sayi ƙowar wake da dusa lokacin da suke da araha, tun kafin masu kiwon ragon layya su shigo kasuwa. Wanda ke kusa da Kura, Garun Malam ko fadamar Haɗeja yana da bambaron shinkafa. Shi kaɗai ba ya ƙara nono, cika ciki ne kawai. Ana inganta shi da takin yuriya, kilo 4 a narke cikin ruwa a yayyafa wa kilo 100 na bambaro, a danne a rufe da leda mako uku. Amma karon farko ka sa malamin gona ya tsaya a kai, saboda yuriyar da ta yi yawa tana kashe saniya nan take.

Kada ka raba abincin daidai wa daida. Masu tatsa su ke fara ci, sai masu tsohon ciki, sauran su bi kiwo. Ƙa'idar da malaman dabbobi ke bayarwa ita ce kimanin kilo ɗaya na dusa haɗe da anguryar auduga a kan kowace lita biyu da saniya ke bayarwa. 'Ya'yan gawo in sun zubo, ka sa yara su tsinto. Kanwa da gishiri kada su yanke. Sai ruwa: saniya mai shayarwa tana iya shan lita 40 ko fiye a ranar zafi, kuma wadda ke sha sau ɗaya a yini ba za ta taɓa cika ƙwarya ba komai dusar da ta ci.

Allurar rigakafin ciwon huhu ta shekara-shekara, in ma'aikatan gwamnati sun zo, ka fito da shanun duka, kada ka ɓoye wasu. Maganin hanta da na tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta, musamman in kana kiwo a fadama. Kaska kuwa aikin kowace safiya ce.

Tatsa

A wasu gidaje maza ke tatsa, a wasu mata. Ko wane ne, lokaci guda ake so kullum, da sanyin safiya kafin a saki shanu. Maruƙa su kwana a dangwali, igiyar da ake ɗaure su a jere, nesa da iyayensu.

A kwance maraƙi ɗaya, a bar shi ya kama nono na ɗan lokaci har uwar ta saki, domin Bunaji ba ta sakin nono sai ta ji ɗanta. Sai a janye shi a ɗaure kusa da kanta inda za ta riƙa lasarsa, a sa mata dabaibayi a ƙafafun baya. Kafin a taɓa hantsa a wanke hannu da sabulu, a goge hantsar da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a tsane ta. Al'adar tsoma yatsa cikin madara don hannu ya yi santsi tana cikin abubuwan da ya kamata a bari, ta nan datti ke shiga ƙwarya.

Tsirtowar farko daga kowane kan nono, a yi ta a wani ɗan ƙoƙo daban a duba. In an ga gudaji, ko ruwa-ruwa, ko alamar jini, ko saniyar na harbi saboda zafi, ciwon hantsa ne. Ita za a tatsa a ƙarshe, nononta ba ya shiga cikin na sauran, a kira malamin dabbobi. Haka saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta: nononta ba na sha ba ne har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika. Ko da mutum bai damu da lafiyar masu saye ba, ya damu da ƙwaryarsa, don ludayi ɗaya na irin wannan nonon yana hana kindirmo duka kamawa. Sau da yawa a nan ake cewa an yi wa nono baki, alhali maigida ne ya yi allura jiya bai faɗa wa kowa ba.

Sai rabon maraƙi. Daƙashi, nonon kwanaki ukun farko zuwa huɗu bayan haihuwa, nasa ne duka, ba a sayarwa. Bayan nan a bar masa kan nono ɗaya cikakke, biyu ma in yana ƙarami ko rani ya yi tsanani. A kan wannan ne mata da miji suka fi samun saɓani: ita tana duba ƙwarya, shi yana duba garke. Tsofaffi kan ce wa amarya, "Ke 'yar nan, maraƙar da kike ƙwara yau ita ce za ta cika ƙwaryar 'yarki." Kuma gaskiya ce, domin karsanar da ta tashi da yunwa tana jinkirin ɗaukar ciki, ɗan maraƙin da ya rame kuwa damina ɗaya ke tafiya da shi. Saniya na ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki. In saura wata biyu ta haihu, a daina tatsarta ta huta.

Tacewa da dafawa

Uwargida, daga nan aiki ya dawo hannunki. Ki tace madarar nan take da farin ƙyalle mai laushi wanda ba a yin komai da shi sai wannan, ki wanke shi ki shanya a rana kowace rana. Kada madara ta wuce awa biyu a ajiye ba a ɗora ta a wuta ba, da bazara ma ko awa ɗaya ta yi yawa.

Akwai gidajen da har yanzu suke barin ɗanyar madara ta kwana ta yi tsami da kanta, suna cewa dafawa na kashe daɗi. Ban yarda ba. Tarin fuka na shanu da bakkale duk suna bin ɗanyar madara, kuma tsami ba ya kashe su gaba ɗaya. Ban da haka, dafaffiyar madara ta fi kamawa da kauri, kuma ba ta saurin lalacewa.

Ki zuba a tukunya mai kauri wadda ba a miya da ita. Wuta matsakaiciya, ba mai hayaƙi ba, kina juyawa da ludayi har ƙasa don kada ta kama. Madarar da ta ƙone ba ta da magani, ƙaurin zai bi kindirmon har bakin mai saye. In ta fara tasowa da kumfa, ki rage wuta ki bar ta 'yan mintuna tana ɗan motsi, sannan ki sauke. Masu ma'aunin zafi suna kai ta digiri 85, amma tafasa ɗaya mai kyau ta wadatar.

Kindirmo

Ki juye a ƙwaryar da za ta kwana, ki rufe da faifai ki bar ta ta huce. Sanin lokacin zuba iri shi ne rabin sana'ar. A ma'auni digiri 40 zuwa 45 ne. A hannu kuwa, ki ɗiga kaɗan a bayan hannunki: ki ji ɗumi sosai amma ba zafin da zai sa ki janye ba. In ta fi haka zafi irin zai mutu, da safe ki tarar da madara tsululu. In ta yi sanyi, kamawar za ta yi jinkiri, wani ɗanɗano daban ya riga shiga.

Iri shi ne kindirmon jiya mai kyau da kika ware tun kafin a fara sayarwa, a ƙoƙonsa daban, a rufe. Kimanin cokali biyu na cin abinci ya ishi lita ɗaya. Ki fara dama shi da 'yar madarar har ya saki, sannan ki zuba cikin sauran ki juya sau biyu ko uku. Ki rufe, ki ajiye a lungun ɗaki inda ba za a motsa ƙwaryar ba. Yaro ya ɗaga ta ya mayar, ko a tura ta da ƙafa, kindirmon zai tsinke ruwa ya tashi sama.

Yanayi ne ke ba ki lokaci. Da bazara awa shida zuwa takwas ya kama, don haka ki rage iri, kuma da ya kama ki mayar da ƙwaryar wuri mai sanyi, gindin randa ko cikin kwano mai ruwa. Da hunturu yana iya kai awa goma sha biyu, sai ki ƙara iri kaɗan, ki lulluɓe ƙwaryar da tsohon bargo mai tsabta. Kindirmon kirki in kika sa ludayi zai yanku, gurbin ya tsaya, ƙanshinsa mai daɗi, tsaminsa kaɗan.

In kika ga yana yauƙi, ko yana kumfa, ko yana ɗaci, irin ya gaji ko ƙwarya ta yi datti. Kada ki ci gaba da shi. Ki aika gidan Goggo ko wata maƙwabciya da kika yarda da hannunta a samo miki sabo. Ba abin kunya ba ne, haka iri ke yawo gida-gida tun zamanin kakanni.

Ita kuwa ƙwarya, a wanke ta da ruwan zafi da soso da zarar an juye, a kife ta a rana a kan rumfa, ba a ƙasa inda kaji ke bi ba. Wadda ta tsage ta gama aikin nono ko da an ɗinke ta, domin a cikin ɗinkin datti ke maƙalewa. Bokitin fenti da jarkar da aka taɓa zuba mai, waɗanda suka cika hanya yanzu, ba mazubin abinci ba ne. In za ki bar ƙwarya, ki koma bokitin silba mai murfi.

Man shanu da nono

Kindirmo da mansa ake sayar da shi, shi ya sa ya fi tsada. In kuwa mai kike so, da safe ki yaɗe afararin da ya taru a sama, ki tara na kwana biyu ko uku, ko ki juye kwanannen nonon duka a goran kaɗawa. Kada ki cika goran, rabi ya isa, don ya sami wurin bugawa. Ki toshe baki ki riƙa jijjigawa a kan cinya ko a kan tsumma, kina buɗewa lokaci-lokaci iska ta fita. Da sassafe ake yi, da zafin rana man ba ya haɗuwa. In kika ji ƙarar ta sauya, ƙananan gudaji sun fito, ki zuba ruwan randa mai sanyi kaɗan ki ci gaba har su dunƙule. Ki tsame, ki wanke man da ruwan sanyi sau biyu ko uku har ruwan ya fita garau, sannan ki cura.

Kilo ɗaya na mai yana cin wajen lita 20 na madara, saboda haka ki yi lissafi kafin ki yanke farashi. Da damina, lokacin da nono ya yi yawa kasuwa ta ƙi, mai ne mafita: ki soya shi a wuta kaɗan har ruwan ya ƙone ya daina ƙara, wasu na jefa albasa don ƙanshi, ki tace a kwalba busasshiya. Soyayyen mai yana wata da watanni, ki fito da shi lokacin azumi ko bikin aure.

Abin da ya rage a gora shi ne nonon dama fura. Ki burge shi da maburgi ya yi laushi. A nan ne jarabawar take, musamman da rani: a ƙara ruwa, a kaɗa garin ƙwallon kuka don ya yi kauri, ko a dama madarar gari a ce na shanu ne. In za ki yi haɗi, ki faɗa, ki sayar da shi da sunansa da kuɗinsa. Mai saye na iya yin shiru ranar farko, amma harshensa ya gane, kuma sunan gidanku ne ke tafiya, ba naki ke kaɗai ba.

Fura ba ta buƙatar dogon bayani ga 'yar gidan nono: a surfa gero a wanke, a niƙa da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, a cura a dafa, a kirɓa a turmi, a mulmula a barbaɗe da gari. Abin lura kawai, ruwan da ake damawa da wanke ludayi a wurin sayarwa ya zama mai tsabta. Sau da yawa ba nonon ke ɓata wa mutane ciki ba, ruwan ne.

Inda za a kai

Hanya uku ce. Akwai talla da zaman kasuwa, inda riba ta fi amma wahala da kwantai suka fi. Akwai masu saye na kullum: mai shagon fura a bakin titi, gidajen ma'aikata, masu yin yogot a cikin gari. Waɗannan su ne ƙashin bayan sana'a, ko da sun rage kuɗi kaɗan, domin ba ka kwana da kaya. Sai cibiyoyin tattara madara, irin waɗanda shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ya gina, da kamfanoni irin su L&Z da ke sayen madara a hannun makiyaya. Su ɗanyar madara suke karɓa, da wuri, kuma suna gwadawa: akwai ma'aunin da ke nuna an ƙara ruwa, akwai gwajin da ke nuna ta fara tsami. Wadda ta faɗi gwaji, da ita za a koma gida. Mata sun fi samun shiga in sun haɗu ƙungiya, su ɗauki ɗan acaɓa ɗaya ya kai na kowa.

Kada a zuba duka wuri guda. Kamfani na iya tsayawa, mai shago na iya cin bashi. Bashi kuwa a sa masa rana, mako-mako, kada ya haura.

Abu ɗaya da ke faruwa in kamfani ya shigo: kuɗi ya fara zuwa dunƙule ta waya ko ta banki, sai maigida ya ce da sunansa za a yi rajista. Daga ranar matar ta rasa abin da uwarta da kakarta suka riƙe, kuma hannunta ya yi sanyi da aikin. A yi rajista da sunan mai ƙwarya. In maigida ne ke sayen dusa, a zauna a yanke abin da za a riƙa cire masa daga kuɗin nono, kowa ya sani.

Tallar 'yan mata kuma, ra'ayina shi ne a koya wa yarinya tatsa, dafawa da zuba iri da safe da yamma, amma yawon kasuwa a bar wa manya. Yarinyar da ta yi makaranta ita ce gobe za ta karanta takardar magani ta riƙe littafin lissafi.

Littafi, zakka da rabon gado

A sami littafi guda, ko da boko ko da ajami. A rubuta abin da aka tatsa, abin da aka sayar, wanda ake bi bashi, ranar da aka yi wa saniya barbara da ranar allura. Sama da duka, a rubuta mai kowace saniya. A garke ɗaya akwai ta maigida, akwai ta sadakin Inna, akwai karsanar da Baffa ya ba jariri ranar suna tare da duk abin da ta haifa, akwai na amanar wani ɗan kasuwa a birni. Tsoho ya san su duka a ka, har jikokinsu. Ranar da ya faɗi, sanin ya tafi da shi, sai 'yan'uwa su kwashi juna zuwa gaban alƙali. A zaunar da shi tun yana da ƙarfi, a gaban shaidu biyu, a bi shanun ɗaya bayan ɗaya.

Zakkar shanu tana farawa daga 30, inda ake fitar da ɗan maraƙi, a 40 kuma saniya. Shekarun dabbar da za a bayar da hukuncin garken da mutane da yawa suka haɗa, a tambayi malami.

In rasuwa ta zo, a fara ware na amana da na mata da na yara, sannan a raba abin da ya rage yadda shari'a ta tsara, har da 'ya'ya mata da ke gidan aure, waɗanda aka saba cewa su bar nasu a garke sannan a manta da su. Rabo ba ya nufin a watsa garken. Kowa ya san tasa, amma a bar su turke ɗaya, bijimi ɗaya, makiyayi ɗaya. Wanda ke birni ya riƙa aiko kuɗin dusa da magani gwargwadon shanunsa, nonon kuma ya zama na matan da ke tashi da asuba suna wanke ƙwarya. Wanda ya matsu yana son sayar da tasa, ya fara yi wa 'yan'uwansa tayi, a sa dillalai biyu su yi mata kuɗi kamar yadda za ta yi a Wudil ranar Juma'a, ya ba 'yan'uwan wata ɗaya ko biyu su haɗa masa kuɗin.